Amsa ga ƙanwata da ta tambaye ni kan Vertigo

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki a Facebook, kin ce wai me yasa nake ta zuzuta fim ɗin Vertigo alhali daraktansa Hitchcock ya tona asirin labarin tun fim bai ƙare ba, ya kashe miki daɗin kallo. Toh ai wannan tonon asirin shi ne fim ɗin fa.

Ki tuna yadda aka yi. Scottie, wanda jarumi James Stewart ya fito a matsayinsa, ɗan sanda ne a San Francisco da ya ajiye aiki saboda jiri na ɗibarsa in ya hau sama, sai tsohon abokinsa Elster ya sa shi bibiyar matarsa Madeleine wai wata cikin kakanninta da ta mutu, Carlotta, ta shige ta, ya tsamo ta daga ruwa a gindin gadar Golden Gate, so ya kama shi, ƙarshe ta faɗo daga hasumiyar coci shi kuma ya kasa hawa ya cece ta. Daga baya ya ci karo da Judy a titi, kamarsu ɗaya sak da Madeleine. Nan aka nuna mana Judy tana rubuta wasiƙa cewa ita ce ta yi shigar Madeleine, Elster ne ya kashe matarsa ta gaske ya jefo gawar. Sai ta yayyaga takardar.

Littafin Faransanci na Boileau da Narcejac da aka ɗauko labarin ya ɓoye wannan har ƙarshe, Hitchcock ya ƙi. Don tunda mu mun sani Scottie bai sani ba, kina zaune cikinki na ɗurar ruwa yana tilasta wa Judy sa kaya ruwan toka irin na Madeleine, a rina gashi, a naɗe shi yadda waccan take yi, ita kuma baiwar Allah tana biye masa don tana sonsa, tana roƙon ya so ta a yadda take. Shi kuwa matacciya yake so, matacciyar ma wadda shirya ta aka yi don a yaudare shi. Wallahi a nan Kim Novak, jarumar da ta fito a matsayin Judy, ta gama da ni.

Ko da ya fito a 1958 ra'ayi ya rabu, wasu sun ce ya cika jan jiki, sai a 2012 masu sharhi a zaɓen mujallar Sight and Sound suka ɗora shi a matsayi na ɗaya, sama da shahararren fim ɗin Citizen Kane. Ki sake kallo don Allah, amma wannan karon Judy za ki bi da ido har inda ta manta ta ɗaura sarƙar Carlotta a wuya.