Kisan baƙo a kan akushi ba dabarar mulki ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi ƙorafi kan yadda wasu masu ba da tarihi ke kawo labarin sarakunan da suka kira abokan gabarsu walima suka hallaka su, sannan su kira abin da sunan iya siyasa. Mu Hausawan Mai Wurno wannan magana tana yi mana ɗaci, domin kakanninmu a baƙi suka iso ƙasar nan ta Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da amincin da aka ba su suka samu wurin zama.

A shekarar 750, bayan Abbasiyawa sun karya Banu Umayya a yaƙin Zab, Abdullahi bin Ali, baffan halifa Saffah, ya yi wa ragowar 'ya'yan gidan alkawarin aminci, ya gayyace su cin abinci a bakin kogin Abu Futrus da ke Falasɗinu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa kimanin mutum 80 ne suka amsa kiran. Da suka zauna sai aka far musu da kulake, aka shimfiɗa fatu a kansu, aka jera akusa, mai masaukin ya ci abincinsa yayin da nishin waɗanda ba su gama cikawa ba yake tasowa daga ƙarƙashin shimfiɗar. A ganina, marubucin da ya adana wannan nishi a littafinsa bai yi haka don yabo ba. Ya san cewa a wajen masu karatunsa wanda ya ci abincinka ya shiga amanarka, kuma wannan ne ya sa kisan ya fi na fagen fama muni.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gidan da aka ci wa amana ya maimaita ta. Abdurrahman, ɗan gidan Banu Umayya wanda ya tsira ya kafa mulki a Kurɗuba ta ƙasar Andalus (Sifen ta yau) a 756, jikansa Hakam na ɗaya ne ya sa gwamnansa Amrus bin Yusuf ya kira manyan birnin Toledo liyafa. Suna shigowa kaɗan-kaɗan ana sare kawunansu, ana jefa gawarwakin cikin wani rami da aka haƙa a harabar fada. Masu cewa wannan dabara ce su duba sakamakonta: Toledo ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta sake yi wa Kurɗuba tawaye sau da dama a ƙarnin da ya biyo baya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan