Darasin dogon hutu ga 'yan karkara: a tuna da gona

Assalamu alaikum. Edita, ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yaranmu na karkara da jarrabawar JAMB, wato ta neman shiga jami'a.

Tun daga 2015 a kwamfuta ake yin wannan jarrabawa. Tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowanne daga cikin sauran darussa uku. Ɗan wana ya zauna ta bara. Yaro ne mai kai, shi malaminsu ke kira ya fito allo ya warware lissafi, amma ranar ce ya fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Ya ce mini ya daɗe yana lalube kafin ya gane yadda ake wucewa tambaya ta gaba, kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu. Da sakamako ya fito, kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

A birni da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, yara sun nufi lesin, iyaye na biya. Mu kuwa lokacin ne ake tsakiyar damina. Duk wanda ya kawo mana darasin hutu ya sa shi ƙarfe takwas na safe, to kujeru zai koyar, don babu uban da zai saki ɗansa ana maimai. A sa shi bayan azahar, a bar ranar kasuwa, a tashi kafin magariba saboda 'yan mata da masu zuwa daga rugage.

Malamai ba sai an ɗauko daga nesa ba. Ga masu yi wa ƙasa hidima, ga 'ya'yan garin da suka gama Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello suna zaune a gida. Ya kamata ƙaramar hukuma ta ba su na sabulu, ta samar da kwamfuta ko goma ce da sola.

Kuma kada a tsaya ga karatu kaɗai. A zaunar da yaro a duba lambarsa ta NIN, wato ta shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ba a rajista sai da ita, a tabbatar sunan da ke ciki ya yi daidai da na makaranta. A faɗa masa mai son likitanci sai ya haɗa Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tun kafin wani mai shagon intanet ya zaɓa masa abin da ya ga dama.

Naka,
Wani malamin makaranta daga karkarar Jigawa