Wasiƙa zuwa Kumasi: ga ɗan kokowar da na ƙirƙira

Damagaram, daren Talata

Aminina Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma kasuwa tana tafiya. Nan gida kowa lafiya. Hunturu ya kama mu sosai bana, da safe ko duwatsun Birni ba a hangowa saboda hazo. Inna tana gaishe ka, ta ce man kaɗen da ka aiko ya zo kan lokaci, kaushin ƙafarta ya yi sauƙi.

Rannan a waya ka ce in yi maka bayanin abin da ke hana ni barci har nake turo maka saƙo ƙarfe biyu na dare. Kati ba zai ishe mu ba, shi ya sa na zauna in rubuta.

Ka tuna gidan kallon nan na Zango da muke biyan dala biyar mu kalli reslin, kokowar nan ta Turawa da ake nunawa a talabijin, wanda mu nan muke ce wa kac? To son abin bai bar ni ba. Wata bakwai ke nan wani yaro a fadarmu ta shan shayi ya saka ni cikin wata ƙungiya ta WhatsApp inda ake wasan reslin da rubutu. Mu kusan talatin ne, daga nan, daga Maraɗi, Kano, Yamai, har da mutum biyu a Libiya. Kowa yana ƙirƙirar ɗan wasansa: sunansa, garinsu, tsayi da nauyi, kayan da yake shigowa da su, kiɗan da ake yi masa, da kayen da yake gama abokin karawa da shi. Mutum uku ne alƙalai. Ran Asabar su haɗa wane da wane, kowa ya rubuta cika-bakinsa kafin Laraba, sai su duba wanda rubutunsa ya fi rai su ba shi nasara, sannan a rubuta yadda karawar ta kasance kowa ya karanta daren Juma'a. Ba kuɗi a ciki, ba caca. Kambun ma hoto ne wani ya zana.

Ɗan wasana na farko bai yi rai ba. Na ba shi sunan Turanci, na ce tsayinsa mita 2.30, wato ya ɗara Omos ɗan Legas mai mita 2.21, na ce bai taɓa faɗuwa ba kuma ba ya jin duka. Duk cika-bakin da na rubuta masa abu guda yake maimaitawa, zan karya ka, zan tattake ka. Mako huɗu na yi a haka. Sai ɗaya daga cikin alƙalan, wani malamin makaranta, ya kira ni gefe ya ce: "Ɗan'uwa, ba wanda ke son a haɗa shi da mutumin nan naka. Ba shi da inda za a kama shi." Maganar ta yi min zafi a daren, amma da na kwanta na juya ta sai na ga gaskiyarsa. Ko a filin kokowarmu na Langa-Langa, in aka ce ga ƙato wanda ba zai taɓa faɗuwa ba, wa zai bar sana'arsa ya je ya zauna cikin rana? Undertaker ya ci wasa 21 a jere a WrestleMania, babban wasan reslin na shekara-shekara, amma daren da kowa ke ba da labari shi ne na 2014, ranar da Brock Lesnar ya kwantar da shi. Kai ma ka tuna yadda gidan kallo ya yi tsit, har mai sayar da gyaɗa ya tsaya da tirensa a hannu.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci min rai, wanda sai da na fara rubutun nan na gane shi sarai. Dubi yadda masu shirya reslin na Amurka suka riƙa nuna ɗan Afirka. Kamala da muke tsoro muna yara, mai fenti a fuska da ciki, ba takalmi, ba ya magana sai gurnani, an ce mana daga Yuganda yake. Ashe sunansa James Harris, haifaffen Misisipi. Kofi Kingston kuwa a garin da kake zaune aka haife shi, Kumasi, amma shekarunsa na farko a kamfanin reslin na WWE ɗan Jamaika aka ce shi ne, har da karya harshe. Sai daga baya aka mayar masa da Gana, kuma da sunan Gana ya ɗauki babban kambu a 2019. A 2021 Apollo Crews ya fito da mashi a hannu a matsayin jinin sarautar Najeriya. Ban raina ƙoƙarinsu ba, sana'a suke yi kuma sun iya. Amma ni da ba wanda ya tilasta min, ina zaune a garin Sarki Tanimu, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926, sai na je na aro sunan da ko Inna ba za ta iya faɗa ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai na kashe wancan, na fara sabo daga tushe.

Sunansa Ƙirgi ɗan Majema. Wata Alhamis na raka ƙanena majema zai sayi jar fata ta ɗinkin takalmi, na tsaya ina kallon wani dattijo yana kankare gashi daga fatar akuya da ta kwana cikin ruwan toka. Ya ɗora ta kan gungume, ya riƙe wuƙa mai ƙota biyu, yana turawa ƙasa a hankali, gashin yana tattaruwa a ƙafarsa kamar laka. Hannuwansa har gwiwar hannu sun rine da ruwan bagaruwa, faratansa sun yi ja da karan dafi. Ga warin da ka sani, wanda ke bin mutum har gida. A gefe an shanya wani busasshen ƙirgin sa, wani yaro ya taka bakinsa ɗaya, ɗayan bakin ya tashi ya buge shi a ƙwauri. Sanusi, a nan tsaye na samu mutumina gaba ɗaya. Ko gida ban kai ba, a kan kabu-kabu na fara rubuta shi a waya.

Ga shi yadda yake. Shekarunsa 29, tsayi mita 1.84, nauyi kilo 103. Ɗan majemi ne, ya tashi yara suna toshe hanci in ya shigo aji. Ƙarfinsa na jan ɗanyar fata daga rami ne, da ɗaga ƙarfen da samarin unguwa ke haɗawa da gwangwanayen siminti. Ya yi kokowar gargajiya, kuma a nan ciwonsa yake. Ka san kowace jiha cikin takwas mutum goma take turawa gasar Takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, su tamanin ke nan. Ƙirgi shi ne na goma sha ɗaya a Damagaram. Sau uku yana zuwa zaɓe, sau uku ana karanta sunaye a tsaya daf da nasa. A karo na ukun gwiwarsa ta hagu ta goce, har yau in sanyi ya shigo yana ɗingishi. Tun yana yaro yake jin labarin Kantu na Maraɗi da ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, yana ganin su Isaka Isaka na Doso ana ɗaga su sama, shi kuwa ko rigar jiha bai taɓa sawa ba. Da wannan ɗacin ya shiga reslin.

Na daɗe ina tunanin ko in sa shi cikin mutanen kirki da 'yan kallo ke so, ko cikin mugaye da ake yi wa ihu. Na bar shi a ɓangaren mugaye, amma mugun da kowa ya san dalilinsa. Ba ya zagin iyayen kowa, ba ya taɓa ƙabila ko addini, wannan ma dokar ƙungiya ce kuma na ji daɗinta. Abin da ke tunzura shi ɗaya ne, a toshe hanci a gabansa. In aka yi haka idonsa rufewa yake yi, ya manta da dabara, ya kai hari da gwiwar nan mai ciwo a gaba. Na rubuta wannan a fili cikin bayaninsa domin duk wanda aka haɗa mu ya san inda zai kama. Tun daga ranar mutane suka fara neman a haɗa su da ni.

Shigarsa fili ba da fitilu da hayaƙi ba ce. Walki yake ɗaurawa kan gajeren wando baƙi, ga kambu guda a damtsen dama wanda uwarsa ta ɗinka masa. Na yi ta kai-kawo a kan kambun nan, don ba na son in rubuta abin da zai nuna laya ce ke ba da nasara. Sai na ce babu komai a cikinsa sai guntuwar fatar farko da ya jeme da hannunsa. Makaɗi ɗaya ke bin sa da kalangu. In ya kai tsakiya sai ya durƙusa ya shafa ƙasa, ko da yake dandalin reslin katako ne da tamfol, saboda jikinsa bai manta yashin fili ba. Kayen da yake gamawa da shi na sa masa suna Shanya: ya cusa kai ƙarƙashin hammata, ya ɗaga mutum ta ƙugu kamar yadda ake yi a kokowarmu, ya juya shi ya shimfiɗa rigingine, hannu da ƙafa a baje kamar fatar da za a kafe da turaku.

Kirarinsa kuwa, ga abin da na samu zuwa yanzu:

Ni ne Ƙirgi ɗan Majema,
Busasshe, a taka nan can ya tashi.
Na kwana a toka ban narke ba,
Wuƙa ta bi bayana ta dakushe.
Mai toshe hanci, matso kusa,
Yau a ramina za ka kwana.

Daren da na rubuta shi an ɗauke wuta, muna fada ana dafa shayi na biyu, cajin wayata saura kaɗan. Na karanta wa yaran a hankali don kada maƙwabta su ji. Da na kai "a taka nan can ya tashi" sai mai shayin ya ajiye buta ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Wallahi na san mutumin nan." Ban taɓa jin daɗin wata magana a kan rubutuna kamar wannan ba.

Karawa shida ya yi, ya ci huɗu, ya faɗi biyu. Faɗuwa ta biyun ita na fi so cikin duk abin da na rubuta. Wani yaro daga Maraɗi yake da ɗan wasa siriri mai tsalle-tsalle, ɗan tela. Rubutunsa ya fi nawa a makon, alƙalai suka ba shi, kuma sun yi daidai. Al'adarmu ita ce ba ka rubuta faɗuwar ɗan wasan wani sai da yardarsa, don haka ya kira ni muka shirya ƙarshen tare har kusan awa guda. Ni na ba shi shawarar ya toshe hanci a minti na ƙarshe. Ƙirgi ya rufe ido ya taho, yaron ya kauce ya doki gwiwar, aka ƙirga uku. Sai na roƙi a bar min layi biyar na bayan wasa. Na rubuta Ƙirgi zaune shi kaɗai bayan kowa ya watse, yana kwance walkinsa, makaɗin yana tsaye nesa ya rasa ko ya matso. Bai ce komai ba. Washegari mutum tara suka turo min saƙo, har da malamin nan da ya ce wancan ba shi da inda za a kama shi. Gaba da gabanta, in ji masu magana, kuma yanzu kowa jira yake ya ga ranar ramuwa.

To ga dalilin wasiƙar. Ƙirgi yana bukatar bakin da zai yi magana a madadinsa. A reslin akwai masu rakiya da ke riƙe makirfo su zuga ɗan wasa, mu kuma a filinmu ba a raba ɗan kokowa da maroƙinsa da 'yan cali-cali masu sa mutane dariya kafin a kama. Ƙirgi mutum ne mai nauyin baki, in na sa shi dogon zance sai ya daina kama da kansa. Kai kuwa tun muna makaranta ba wanda ya kai ka iya zuga. Har yau ina tuna kirarin da ka yi wa ɗan ajinmu ranar kokowar makarantu, wanda ya sa shi ya kayar da yaron da ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ina so ka ƙirƙiri maroƙin Ƙirgi. Na yi tambaya, alƙalai sun yarda mutum ya shigo da mai rakiya kaɗai ba tare da ɗan wasa ba.

Yadda nake hango shi, dattijo ne da ya yi wa manyan 'yan kokowa roƙo a da, muryarsa ta fara dushewa, manya sun daina kiransa, ya ga na goma sha ɗayan nan ya ce shi zai bi. Amma naka ne, in ka ga wata hanya ka bi ta. Abu biyu kawai nake roƙo: ka ba shi garinsu na gaske, ko Mirya ko Magariya ko inda ka ga dama, kuma ka ba shi abin da yake tsoro. Sauran, suna da shiga da irin maganarsa, na bar maka.

Na san shago ba ya barin ka sai bayan isha'i. Layi goma sha biyar a mako sun isa, kuma kana iya turo min da murya in rubuta, don na san ka fi sakewa in kana faɗa da baki. An sa ranar ramuwa da ɗan telan nan Juma'a ta sama, cika-baki kuma dole ya shiga kafin Laraba. In ka amince ka turo min sunan maroƙin da kirarin buɗe fili kafin Lahadi, in gabatar da kai.

Ka gaida uwargida da yara, ka gaida mutanenmu na Zangon Kumasi. Kilishin da ka ce yana nan na sa a yi, zan ba direban da ke tashi ran Litinin.

Naka har kullum,
Lawali