A dawo mana da filin fayafayin garmaho

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mako shida ke nan ina kunna rediyo daren Lahadi bayan sallar isha'i, lokacin da kuka saba sa mana tsofaffin fayafayin garmaho, sai in tarar da talla da hirar ƙwallo. Ba sanarwa, ba sallama. Na yi ta ba kaina haƙuri, ko mai gabatarwa ne ba ya jin daɗi, har wani ma'aikacinku ya shaida mini cewa soke filin aka yi, wai fayafayin sun cika ƙarar shuu kuma matasa ba sa so. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

A zangon Kumasi aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro yake yi, kuma duk gidan ba abin da yake ji da shi kamar garmahonsa: baƙin akwati mai hoton karen nan da ke sauraron ƙaho a cikin murfi. Aikina shi ne yi masa wani. Idan na yi kasala ban murɗa hannun ya cika ba, sai ka ji muryar mawaƙi ta fara kauri tana jan ƙafa kamar mai gyangyaɗi, Baba ya ɗago kai ya dube ni, in zabura. Allurai kuwa a ɗan gwangwani suke, na ƙarfe, kuma dokarsa fuska ɗaya allura ɗaya. Ran da ya kama yayana yana wasa tsohuwar allura a dutse don a sake amfani da ita, ya ɗauko wani faifai da ya yi toka-toka ya nuna mana, ya ce haka dakusasshiyar allura ke cinye waƙa.

A wannan akwatin na fara jin E.T. Mensah, mai busa ƙaho ɗan Gana, da ƙungiyarsa Tempos, masu kiɗan da ake kira haylaif. Ƙungiyar ta samo asali ne a Accra lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa da 'yan ƙasa suna busa tare. Da Turawan suka koma gida, sai 'yan ƙasa suka ɗauki ƙahonin bature da salon rawar manyan otal, suka ɗora a kan gangar gida, suka sirka da kiɗan Kuba da kalifso na tsibiran Karebiyan. A 1952 Mensah ya fara yi wa kamfanin Decca fayafayi, kuma zuwansu Najeriya a waɗannan shekarun shi ya ƙara wa makaɗan Legas ƙaimi, irin su Bobby Benson da Victor Olaiya. A 1956 da Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho ɗan Amurka, ya zo Accra, tare suka yi busa da Mensah. Wannan ba kiɗan banza ba ne, ranka ya daɗe. Da shi aka yi rawar samun 'yancin Gana a 1957, da shi aka yi ta Najeriya a 1960.

Na san za a ce ai ba kiɗanmu ba ne, ina ruwan Bahaushe da haylaif. To, wanda ya girma kusa da barikin 'yan sanda ko kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kaduna ko Zariya ko Jos ya san kunnenmu ba baƙo ba ne ga badujala. Iyayenmu na zango sun saurare shi a shagon tela da wurin mai shayi, ba tare da sun taɓa leƙa gidan rawa ba. Kuma duk wanda ya taɓa bincika tulin irin waɗannan fayafayi ya san a tsakiyarsu ake tsintar na makaɗanmu na Hausa. Idan aka watsar da tulin, har da namu aka watsar.

Batun ƙarar shuu kuwa, rabinta laifin allura ne. Faifan garmaho yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma layin da aka tsaga a jikinsa ya fi na fayafayin roba da suka fara fitowa a 1948 faɗi sosai. In aka sa masa siririyar allurar faifan roba, sai ta nutse can ƙasan layin tana kwasar datti, waƙar kuma ta tafi a siririce. A samo allurar da ta dace da shi, za ku ji busa ta fito ɓaro-ɓaro. Ragowar ƙarar ba ta damunmu. Mu da ita muka san waƙoƙin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da fayafayin suke ciki. Bara na raka wani ɗan'uwa gidan rediyonku, aka bar ni na leƙa ɗakin ajiya. Na gan su jibge a kwance, ɗaya kan ɗaya har ƙugu, kusa da taga rana na dukansu, wasu ba ko riga. Na ɗaga na sama, na ƙasansa ya tsage gida biyu. Ba roba ba ce da za ta lanƙwasa ta dawo. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a gauraya shi da garin dutse, don haka suke fashewa kamar tangaran. Na san wannan da hawayena. A ƙarshen 1969, da aka ce baƙin da ba su da takardar zama su bar Gana, Baba ya naɗe fayafayinsa sama da sittin cikin zannuwan Inna muka hau babbar mota. Da muka sauka Kano aka kwance ƙunshin, goma sha ɗaya ne suka kai labari. Bai ce uffan ba, ya tattara ɓaraguzan a kwano, ya daɗe zaune yana karanta sunayen da ke jikin takardunsu.

Roƙona, a dawo da filin, ko na rabin sa'a ne. Fuskar faifai ba ta wuce kamar minti uku ba, to a bar kowace waƙa ta kai ƙarshe, kada mai gabatarwa ya yi ta gaishe-gaishe a kanta, sannan ya faɗi sunan ƙungiya da kamfanin da ya buga. Kafin nan kuma a tsayar da fayafayin a tsaye cikin riguna, a ɗakin da ba zafi, a fara kwafe su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A Cape Coast ta Gana har gidan adana fayafayin garmaho aka buɗe a 1994, da tarin mutum guda. Kuma don Allah a ja wa mai goge su kunne kada ya kusance su da sifirit, narkar da su yake yi.

Goma sha ɗayan nan na Baba suna nan a wurina, kowanne cikin rigarsa. Ranar da kuka sa za a fara kwafa, ku sanar a rediyo, ni da jikana za mu kawo su da hannunmu.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Fagge, Kano