Barka da Sallah daga Kebek, ga kuma bayanin babur ɗin dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana. Ka gaishe min da Baba da Inna, ka ce ina neman albarkarsu. A nan Kanada har yanzu ƙasa fara fat take, cikin rigunan sanyi aka sauko daga Idi.

Ka tambayi abin hawan nan mai ƙafar katafila da na turo maka hotonsa. Ƙirar Joseph-Armand Bombardier ce, wani makanike na ƙauyen Valcourt a jihar Kebek. A 1934 ɗansa ya rasu saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya fito da B7 mai ɗaukar mutum bakwai, sannan a 1959 ƙaramin Ski-Doo ya shiga kasuwa. Kafin shi Carl Eliason na Wisconsin a Amurka ya haɗa nasa a 1924 da injin kwale-kwale. Masu sha'awa har gobe suna farautar tsofaffin, wasu kuma su ƙera nasu a gareji, kuma aikin bai fi ƙarfin mai walda irinka ba.

Injin da ake ɗorawa ka san shi ciki da bai: irin na ban-ruwan fadama ne, mai ƙarfin doki shida da rabi. Ana yin gangar jiki da faif mai kusurwa huɗu, milimita 25, tsawon kusan mita biyu. Gaba kuma ƙarafa biyu ne dogaye masu lanƙwasasshen baki da suke sulɓi a kan ƙanƙara, haɗe da kan babur.

Amma ba a injin sirrin yake ba, a ƙafar yake. Bel ne na roba mai faɗin inci 15, tsawon zagayensa inci 121, gara a sayi na hannu daga tsohon babur. Wasu suna yanka bel ɗin masana'anta su ɗaure masa guntayen ƙarfe da noti, sai dai notunan kan kwance su yaga robar. Idan santimita 90 na bel ɗin ya kwanta a ƙasa, kilo 180 na mutum da babur zai bazu har kowace santimita murabba'i ta ɗauki wajen giram 50 kacal. Tafin ƙafar mutum yana dannawa da fiye da giram 300, shi ya sa mai tafiya a ƙasa yake nutsewa har gwiwa, babur kuwa ya wuce ta sama.

Kada a sa kulocin nan mai kamawa da juyin inji kaɗai. Dusar ƙanƙara tana da riƙo, zai yi ta zamewa har ya ƙone. Mai bel da fule biyu masu buɗewa da tsukewa shi ne daidai. Daga shi sarƙa ta tashi daga faranti mai haƙora 10 zuwa mai 50. Da farantin jan bel mai haƙora tara, lissafi yana ba da kusan kilomita 27 a awa, kuma ya isa. Wanda ya nemi fiye da haka da wannan ƙaramin inji, a tudun farko zai tsaya.

Inda aka fi shan wuya shi ne saiti. In shaf ɗin gaba da na baya ba su daidaita ba, ko da milimita uku ne, bel zai riƙa gudu gefe guda har ya fice a kwana. Sai a ɗaga baya, a juya a hankali, a riƙa ɗaure notin hagu da na dama kaɗan-kaɗan har ya zauna a tsakiya. In an ɗaure da yawa boris ya mutu, in an sassauta haƙora su riƙa tsallake. Ƙarafan gaba kuma a buɗe bakinsu waje da kamar milimita uku. In suka tsuke ciki, kan babur fizga zai yi ta yi.

Sanyi yana da nasa sharri. Baƙin mai mai kauri daskarewa yake yi, sai marar kauri mai lamba 5W-30. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka kafireto yana son jet, wato ƴar ƙofar da fetur ke bi, mai ɗan faɗi, in ba haka ba filogi ya yi fari, inji ya ɗau zafi. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne wayar totur: ruwa ya shiga ya daskare, ta maƙale a buɗe. Dole a sa igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a wuyan hannu, da zarar mutum ya faɗi, sai inji ya tsaya. Kuma ba a tayar da shi a rufaffen gareji, hayaƙin yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Ka zana min yadda za ka haɗa gindin injin da wurin zama, ka ɗauki hoton takardar ka turo, zan nuna wa masu ƙerawa a nan. Goron Sallar yara yana hannun Inna, a raba har da na goye.

Ƙaninka mai kewarku.