Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Tarbiyyar Zuciya A Darasin Addinin Musulunci

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto maka ne game da darasin addinin Musulunci na makarantun firamare da sakandare, wanda hukumar NERDC da ke ƙarƙashin ma'aikatarka take tsara manhajarsa. A shekarar 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce saboda an cusa addini cikin wani babban darasi tare da ilimin zama ɗan ƙasa, Musulmi da Kirista kuma suka tashi tsaye har aka mayar wa kowane addini gurbinsa. Gurbin ya samu, amma ba a tsaya an duba abin da ake zubawa a cikinsa ba.

Galibin abin da yaro yake kwasa a wannan darasi lissafi ne: farillan alwala, shekarar yaƙin Badar, sunayen halifofi, da surorin da zai haddace saboda WAEC ko NECO. Wannan ilimi ne da babu mai raina shi. Sai dai a aya ta 2 ta Suratul Jumu'a, Allah ya ambaci aikin Manzonsa (SAW) da cewa yana karanta wa mutane ayoyi, yana tsarkake su, yana kuma koyar da su Littafi da hikima, kuma tsarkakewar nan ce ta fi ƙaranci a ajujuwanmu. Gaskiya ne akwai sashen tahzibi, wato gyaran hali, a manhajar, amma shi ma an mayar da shi jerin kyawawan halaye da ake kwafa daga allo, har ta kai ɗalibi zai iya satar amsa a ɗakin jarrabawa alhali tambayar da ke gabansa a kan riƙon amana take.

Malaman da suka gabata ba su raba ilimi da gyaran zuciya haka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kasa Ihya'u Ulumid Din kashi huɗu, ya ba da biyu cur ga cututtukan da ke halaka zuciya, irin su riya da hassada da girman kai, da kuma halayen da ke tsirar da ita, kamar tuba da haƙuri da ikhlasi. Ba sai mun je nesa ba ma. Ahalari, littafin da almajirin ƙasar Hausa yake soma karatun fiƙihu da shi, kafin ya kai ga babin tsarki sai da ya yi magana a kan gyara imani, gaggauta tuba, tsare harshe daga ƙarya da giba, da nisantar abokin banza. Malaman zaure sun san cewa wannan ne tubalin farko, shi ya sa suke lura da yadda ɗalibi yake zama da magana kamar yadda suke lura da karatunsa. A kan wannan tafarki Nana Asma'u ta tarbiyyantar da 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, shugabanninsu mata da ake kira jaji suna kai karatu da nasiha ga matan ƙauyuka.

Na san za a ce shigar da wannan fanni zai farfaɗo da saɓanin da ke tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala. Wannan tsoro yana da dalili, amma babu ɓangaren da ya halatta hassada ko ya yi jayayya da ikhlasi, saboda haka iyakar abin da aka haɗu a kansa ya isa ya cika manhaja, wuridi da sauran abubuwan saɓani kuma a bar su ga iyaye.

Roƙona shi ne ka umarci NERDC ta zauna da malamai daga kowane ɓangare su faɗaɗa sashen tahzibi, ya zama yana bayanin yadda cutar zuciya take farawa da yadda ake maganinta, daidai da shekarun yaro. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne kwalejojin ilimi, domin malamin da bai samu wannan tarbiyya ba ba zai iya bayar da ita ba, ballantana wanda aka cika wa aji har ya kasa sanin sunayen ɗalibansa. Ina kuma roƙon kada a mayar da wannan sashe abin neman maki a jarrabawa. A bar shi ga rahoton da malamin aji yake rubuta wa iyaye a ƙarshen kowane zango.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare daga Zariya