Wasiƙa daga Kaduna a kan gashin da ake yi wa Kawu

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ka yi haƙuri da shirun da na yi, domin tun da aka fara yi wa Kawu gashin ciwon dajin harshe, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, kullum asuba a kan hanyar Zariya take yi mana.

Na ga saƙonka cewa a roƙi likita ta ba shi hutun mako biyu har bakin ya warke. Ni ma abin da na so ke nan a mako na uku, ranar da na haska masa baki da tocila na ga cikin kumatunsa ya yi jajur, ga gyambo fari-fari a gefen harshe, har kunun tsamiyar da ba ya wuce shi ya ture da hannu saboda raɗaɗi. Likita ba ta yarda ba, kuma bayaninta ya gamsar da ni.

An tsara masa zama 35 cikin mako bakwai, Litinin zuwa Juma'a, gire 2 (ma'aunin yawan gashin ke nan) a kowane zama, jimilla gire 70. Da gangan aka rarraba shi ƙanana-ƙanana, domin lafiyayyen nama ya riƙa gyara kansa tsakanin zama da zama. Fatar cikin baki takan sabunta kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, to da gashin ya kashe ƙwayoyin da ke haifar da sabuwa, sai tsohuwar ta zube ba mai maye gurbinta. Shi ya sa gyambon bakin bai bayyana ba sai da aka yi nisa. Daga nan ragowar ƙwayoyin sukan ƙara saurin hayayyafa, Asabar da Lahadi kuma su samu sarari. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙwayoyin dajin ma sukan ƙara nasu saurin daga wajen mako na huɗu, saboda haka duk ranar da aka tsallake, dajin ne ya ci riba. Bakin yakan warke cikin mako biyu zuwa huɗu bayan an kammala, dajin kuwa idan ya farfaɗo, magana ta girma.

Ta ce a Denmak an gwada zama shida a mako, an fi shawo kan dajin, amma bakin ya fi shan wuya. Inda ake yin gashi sau biyu a rana kuma, ana barin aƙalla awa shida a tsakani.

Yanzu dai mun raba shi da yaji da goro da duk abu mai tsami. Kunun gyaɗa yake sha idan ya huce, yana kurkure baki da ruwan gishiri sau da yawa a rana, Inna kuma ba ta bari lokacin maganin raɗaɗin ya wuce kafin abinci.

Saura zama 11. Don Allah idan ka kira shi kada ka ambaci hutu, domin ka san maganarka yake ji fiye da tawa. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Abokinka.